Ni Na Lalata Kwamfutar, Aka Ɗora Wa Wutar Yaya Garba

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai kula da wannan shafi, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. 'Yan'uwa masu karatu, ina roƙonku ku kai ƙarshe kafin ku fara jifa. Duk zagin da za ku yi min na riga ku yi wa kaina shi, shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min.

Ni saurayi ne, ina da ɗan shagon gyaran waya a Kura, amma gidanmu yana wani ƙauye ta wajen Bunkure, cikin gonakin ban ruwa. A garinmu ba mai kirana da sunan yanka, Injiniya ake ce min. Tun ranar da na tayar da wayar liman da ta faɗa kanal sunan ya bi ni, ni kuma na rungume shi hannu bibbiyu. Rediyo ta lalace, a kai wa Injiniya. Fitila ta ƙi kamawa, a kira Injiniya. Har tsofaffi kan kawo min takardar asibiti in karanta musu. A hankali sai na wayi gari akwai kalmomi uku da ba sa iya fita daga bakina: ban sani ba. Ko abin da ban taɓa gani ba aka nuna min, sai in gyaɗa kai in ce ƙaramin aiki ne. An ce girman kai rawanin tsiya, to ni nawa har da kunnuwa biyu na naɗa shi.

Ina da aboki, mu kira shi Nura. Tare muka yi wankan kanal, tare aka zane mu a makarantar allo. Yana da wa guda ɗaya, Yaya Garba, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu. Gona ɗaya aka bar musu, ba su taɓa raba ta ba, da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, gonar nan bakin ruwanta ɗaya ne, ta gefen gabas inda ta taɓa kanal. Duk ruwan da zai kai ƙarshenta sai ya ratsa ta farkonta. Wanda ya san noman rani ya san irin wannan gona ba a raba ta a zauna lafiya.

Nura mutum ne mai son gem kamar ransa, amma ba ƙwallo ko harbe-harbe irin na sauran samari ba. Wani gem ne na noma ya gani a waya, inda mutum zai hau tarakta ya yi huɗa, ya yi shuka, ya tuƙa injin girbi, ya kai amfani kasuwa. Burinsa ya samu kwamfutar da za ta ja shi, ya riƙa bugawa yana sharhi da Hausa yana ɗorawa a intanet. Kuma wallahi yana da baki, in yana kwaikwayon yadda dillalan tumatir ke taya kwando sai cikinka ya ƙulle. Yaya Garba kuwa abin haushi yake ba shi. Ya sha ce masa, “Ga gonar gaske tana jiran ruwa, kai kana can kana noman ƙarya. Tumatirin cikin allo miya ake da shi?” Wata rana da suka yi sa-in-sa har ya ce, “Ka kawo akwatin nan gidan nan ka gani, in ban jefa shi a kanal ba.” Duk wanda ya san Yaya Garba ya san faɗansa a baki yake ƙarewa. Amma magana zarar bunu ce.

Rani biyu Nura yana ɓoye rabonsa na tumatir. Bai sayi babur ba, bai canza waya ba, takalminsa ma sai da ya ga ɗinki uku. Da kuɗin suka taru ya zo shagona ya zube min su a kan tebur, ya ce, “Injiniya, ga iya ƙarfina. An ce in mutum ya sayi kayan ɗai-ɗai ya haɗa da kansa ya fi sauƙi. Ni ban san komai ba a ciki, kai ne idona.” Jama'a, ni ban taɓa haɗa kwamfuta ba. Ban taɓa ko buɗe cikin ta tebur ba, waya na sani. Me zai hana in ce masa mu nemi wanda ya iya? Me zai rage ni? Amma sai na ji bakina yana cewa, “Wannan ai kamar shan ruwa ne.” Kwana uku na yi ina kallon bidiyo ina haddace sunaye. Na gane akwai madabod, wato faifan da komai ke hawa kansa, akwai furosesa wadda ita ce ƙwaƙwalwar, akwai girafik kad mai fitar da hoto, wanda kowa ke cewa shi ne ran gem. Sunaye na haddace, ban haddace yadda suke zama da juna ba.

Ranar Asabar muka hau mota muka shiga cikin gari, kasuwar da ake sayar da kayan kwamfuta. Kuɗinmu ba su kai sabo ba, don haka layin 'yan kayan hannu muka nufa. Muka faɗa shagon wani mutum mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Da ya ji abin da muke so da abin da ke hannunmu, sai ya ɗauko wani faifai ya ce, “Ku ɗauki wannan haɗin. Madabod da furosesa tare suka zo, da hannuna na gwada su. Ba sabon yayi ba ne, amma zai ja gem ɗin nan lafiya lau, sauran kuɗin ku zuba a girafik kad.” Shawara ce ta tsakani da Allah. To amma in na karɓa, ina aikin Injiniya? Kowa ma zai iya zuwa a miƙa masa ya biya. Kuma tun muna shigowa na hango wata furosesa a wani shago, lambar da ke jikinta ta fi ta wannan girma. Ni ɗan gona ne, a wajenmu injin ban ruwa mai inci uku ya fi mai inci biyu, magana ta ƙare. Na ja Nura gefe na ce masa, “Tsohuwar ƙwaƙwalwa yake so ya liƙa mana. Mu ɗauki faifan kawai a wajensa da araha, ƙwaƙwalwar mu sayo waccan babba.” Idon Nura ya yi haske, ya ce shi ya sa ya taho da ni.

Da muka dawo da ita a leda, mutumin ya dube ni ya ce, “Samari, wace furosesa za ka ɗora masa? Nuna min in ga ko gidansu ɗaya.” Nura ya juyo yana kallona. Wallahi hannuna har ya fara motsi zai miƙa ledar. Sai na tuna a gaban wa nake, na ɗaure fuska na ce, “Malam, a bar wa mai aiki aikinsa.” Bai yi fushi ba. Ya ce, “To Allah ya ba da sa'a. Amma ka sani kayan hannu ne, in ya fita daga nan ba ya dawowa.” Muka sayi sauran kayan, har da akwati mai fitilu shuɗaye da Nura ya ƙwallafa rai a kai, muka dawo gida yana rungume da kwalin a cinya har Kura.

Ranar da zan haɗa kwamfutar ta zo daidai da ranar ban ruwansu, dole Nura ya tafi gona, ni kaɗai na rage a shago bayan azahar. Na buɗe ɗan gidan da furosesa ke zama a jikin faifan. Cikinsa cike yake da wasu allurai ƙanana masu ƙyalli, sun fi gashin ido siranta, a jere reras. Na ɗora ta, ta ƙi kwanciya daidai, gefe ɗaya ya ɗan ɗaga. Na juya ta, haka. Na sake juyawa, haka. A nan ne ya kamata in tsaya, ko ba haka ba? To mu a gona, in bakin tiyo ya ƙi shiga bakin inji ba tsayawa ake ba. Dannawa ake, a murɗa, a naɗe da robar taya, ruwa ya wuce. Da wannan hannun na tashi. Na sa babban yatsa na danna, na jawo ɗan ƙarfen da ke kulle ta da ƙarfin tsiya. Na ji wata 'yar ƙara, ƙaras, kamar an taka busasshen kara. Da na buɗe, alluran gefe guda sun kwanta kamar shinkafar da iska ta bi ta kai. Na ɗauko tsinken gyaran waya na ce bari in tayar da su, biyu suka karye a hannuna. Kun san abin da na yi? Na mayar da ita, na rufe, na ɗaura fanka a kai, na ɗaure komai tsaf, na ce wataƙila Allah zai rufa asiri ta tashi a haka.

Washegari da hantsi na ɗora kwamfutar a babur na kai gidansu. A nan na tarar da abin da har yanzu na kasa mantawa. Garinmu wutar gwamnati sai a yi sati ba a gan ta ba. Ashe Yaya Garba, mutumin da ya ce zai jefa akwatin a kanal, ya ciro faranti biyu daga cikin na sola da ke tuƙa famfonsa na gona, ya kafa su a kan rufin ɗakin Nura, ya samo batir da inbata ya ja waya har ciki. Bai gaya wa kowa ba sai da ya gama. Yana tsaye a bakin ƙofa yana goge hannu da ƙasan riga, yana wani ɓata rai don kada a ga yana jin daɗi. Ya ce, “To manomin allo, ga wuta nan. Sai a yi mana noman mu gani, ko ma samu na tuwo.” Nura ya yi ta godiya. Innarsu ta leƙo daga tsakar gida tana sa albarka.

Na jona komai, Nura ya yi bisimilla ya danna. Fitilu shuɗaye suka kama, fanka ta juya, Inna ta yi guɗa. Allon kuwa baƙi ƙirin. Aka kashe aka kunna, baƙi. Na cire waya na mayar, na yi ta taɓe-taɓen da na san ba su da amfani. Nura ya ce, “Injiniya, me ya faru?” Ga gaskiya a kan harshena, jimla ɗaya ce. Amma idona ya sauka kan wayar wutar da ta shigo ta taga, sai na ji na ce, “Anya wutar nan ba ta yi yawa ba?”

Tambaya ce kawai. Haka na riƙa gaya wa kaina, ai ban ce shi ne ba, tambaya na yi. Amma tambayar Injiniya a garinmu hukunci ce. Nura ya juya a hankali ya kalli wansa, ya ce, “Yaya, ka faɗa ka cika ke nan.” Yaya Garba ya ce, “Me na faɗa?” Nura ya ce, “Ka ce sai ka ga bayanta. Ba ka jefa ta a kanal ba, ka bi ta da wuta. Shi ya sa ka ja wayar da kanka a ɓoye, ba ka gaya wa kowa ba.” Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta canza irin ta ranar ba. Ya ce, “Nura, ni?” Sai ya sa takalminsa ya fita. Ni kuwa ina tsugune a gaban akwatin ina riƙe da sukundireba, na kasa ɗaga kai.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Bayan kwana biyu Nura ya kawo min kwamfutar shago ya ce in buɗe in tabbatar masa. Ya ce, “Ba na so in zalunce shi. In ba wutar ba ce ka gaya min, in je in durƙusa in ba shi haƙuri.” Kun ga Allah ya sake buɗe min ƙofa, ko? Na buɗe murfin akwatin, ban taɓa fankar da ke rufe da ɓarnata ba, na sunkuya na shinshina kamar wani gwani, na ce, “Madabod ya tafi. Irin wannan sai wuta.” Ya gyaɗa kai, idonsa ya kaɗa, ya ce, “Rani biyu, Injiniya.” Ya bar ta a nan ya tafi. Har yanzu tana ƙarƙashin teburina, na lulluɓe ta da buhu don ba na son ganinta.

Yau wata guda da 'yan kwanaki ke nan. Wa da ƙani ba sa ga-maciji. Kwano ɗaya suke ci tun suna yara, yanzu Inna sai ta raba musu. Ranar ruwa in ɗaya yana gona ɗayan ba zai je ba, har wani kwamin albasa ya bushe don kowa ya ɗauka ɗayan ya shayar. Inna ta rame. Duk ranar da na je gaishe ta sai ta ce, “Injiniya, kai ne abokinsa, yana jin maganarka, ka tausasa shi.” Ni da na kunna wutar ake roƙo in kawo ruwa. Ƙarshe Nura ya je wajen Baffansu ya ce a raba gona, ba zai ƙara haɗa gumi da wanda ke baƙin ciki da shi ba. An yi rarrashi har an gaji. An sa ranar Juma'a mai zuwa, in an sauko daga masallaci, Baffa da mai unguwa za su je da igiya. Gonar da bakin ruwanta ɗaya. Duk wanda rabonsa ya faɗa yamma, shi da 'ya'yansa har jikoki sai sun roƙi ruwa a wajen na gabas. Na san gidaje a yankinmu da irin wannan ta kai su gaban alƙali, zumunci ya mutu murus.

Satin da ya wuce na kasa jurewa, na cire faifan da furosesar na koma wajen mai furfurar nan ni kaɗai. Na ajiye a gabansa na ce, “Baba, ban sani ba. Nuna min.” Karon farko ke nan da kalmomin suka fita daga bakina, kuma ban mutu ba. Ya ɗaga furosesar, ya nuna min wasu 'yan tsaga biyu a gefenta, ya nuna min inda ya kamata su faɗa a gidan, ba su yi daidai ba ko kusa. Ya ce, “Ba gidansu ɗaya ba. An sa tsagar nan ne don kada ta shiga, kai kuma ka sa ta shiga. Da ka miƙo min ledar nan ranar, minti ɗaya ne.” Na ce, wuta fa, za ta iya yin haka? Ya yi murmushi ya ce, “Wuta ba ta da yatsa.” Ya ce ƙwaƙwalwar tana nan da ranta, da sauran kayan duk, faifai kawai za a sake wanda ya dace da ita.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne abin da ya faru jiya da safe. Ina buɗe shago sai ga Yaya Garba, ƙafarsa duk taɓo, daga gona yake. Ya zauna a benci muka gaisa. Sannan ya zaro wata baƙar leda daga aljihu ya ajiye a teburina. Ya ce, “Na sayar da famfon.” Na ce, “Yaya, famfon sola? Tumatir yana fure, in an rufe kanal da me za ka shayar?” Ya ce, “Allah na nan.” Sannan ya ce, “Ƙanena, wallahi ban yi da gangan ba. Amma na yi ta tunani, laifina ne. Ban yi karatun nan naku ba, na ɗauka waya duk waya ce, yadda nake ja wa famfo haka na ja masa. Da na tambaye ka. Girman kai ne ya hana ni in ce ban sani ba.” Jama'a, ni yake gaya wa haka. Ni. Ya ce in sayo abin da ya ƙona in sa, in kai wa Nura in ce gyarawa na yi, kada in ambaci sunansa don ba zai karɓa ba. Ya ce, “Gonar in ya ce sai an raba, a raba. Ya ɗauki gabas, ni na ɗauki yamma. Ba zan so a ce wata rana ɗan'uwana ya roƙe ni ruwa ba.” Da ya miƙe zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce, “Ka zaɓo mai kyau. Kai ka sani.” Ina kallo ya hau kekensa ya tafi.

Ledar tana cikin durowata, ban ƙirga ba, ban iya ko taɓa ta ba. Kuɗin faifai ba shi ne damuwata ba, ko kayan shagona zan sayar zan haɗa shi, kuma famfon nan sai na san yadda na yi ya koma hannun mai shi. Shaiɗan yana ta raɗa min hanya mai sauƙi: in sayo faifan, kwamfuta ta tashi, Nura ya yi murna, kowa ya ce Injiniya ya sake yin abin nasa. Amma ko ta tashi, Nura zai ci gaba da ganin wansa a matsayin wanda ya cuce shi da gangan, Yaya Garba kuma zai mutu yana neman gafarar laifin da bai yi ba. In kuma na faɗi gaskiya, na san Nura. Ba lalata faifan zai riƙe ba, zai tuna ranar da ya ce min ba ya so ya zalunci wansa, na sunkuya na shinshina akwati na yi masa ƙarya ido da ido. Abotar shekara ashirin ta tafi. Garin da ke ce min Injiniya zai samo min wani sunan, kuma na san na cancanta. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba, kunya kuma ta hana ni cin abinci.

Wa zan fara tara? Nura shi kaɗai, ko Yaya Garba, ko in haɗa su a gaban Inna in ajiye faifan da karyayyun alluransa in ce ga wutar da ta ƙona shi? In bi ta wajen Baffa, ko hakan ma wata ɓuya ce? Da wane baki zan fara?

Yau Talata. Ranar Juma'a za a kai igiya gona. Don Allah 'yan'uwa, me zan yi?